Masarar da Aka Hana Taki

Ko zan manta komai na sakandare, ba zan manta ranar da na tsaya gaban manoman garinmu na shaida musu cewa taki ba ya amfanar masara ba.

Muna aji biyar aka kawo mana sabon malamin kimiyya. Kafin shi mun saba da malamai masu tausayi: su cika allo, mu kwafe, kowa ya tafi gida lafiya. Shi kuwa wannan bawan Allah, kana yi masa tambaya sai ya ce, “To kai ya ka gani? Je ka gwada.” Har muka fara zargin shi ma bai san amsar ba. Shugaban makaranta ya tsani abin. Ya ce wasan ƙasa ne, kuma in ba mu nuna abin kirki ranar taron iyaye ba, malam zai koma cika allo kamar kowa.

Ni da abokaina muka zaɓi mu gano takin da ya fi. Muka shuka masara a tsofaffin bokitan fenti, ɗaya da takin zamani, ɗaya da kashin shanu, ɗaya kuma ƙasa da ruwa kawai. Malam ya ja mana kunne kan na ƙarshen, ya ce da shi za a auna sauran, kada a sa masa komai. Da hutu ya zo muka raba bokitan zuwa gida, don makarantar ba katanga, awakin gari kuma sun fi mu zuwa a kan lokaci. Ni na samu marar takin, na ajiye shi bayan ɗakin kakata, Inna.

Da muka dawo sai ga abin mamaki. Tawa ta yi shar, ganye faffaɗa, mai takin zamani kuwa kamar ƙanwarta. Abokina ya ce, “Kai, mu musanya takardun jikin bokitan kawai, wa zai sani?” Wallahi shawarar ta yi mini daɗi. Ashe malam na bayanmu. Ya ce, “Abin da kuka gani shi za ku faɗa.” Na ce a raina, mutumin nan ya gaji da aikinsa ne.

Ranar taro, ƙarƙashin darbejiya, na karanta sakamakonmu. Ina gamawa wuri ya kece da dariya. Wani dattijo ya share hawaye ya ce, “Malam, ashe shekara da shekaru wahalar banza muke sha! Allah ya saka wa boko da alheri.” Shugaba ya yi wani murmushi na ai-na-faɗa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Malam ko a jikinsa. Ya ce, “Alhaji, dariyarku daidai ce, ni ma ban yarda ba. Shi ya sa za mu bincika.” Ya juyo gare ni. “Ina bokitin nan ya yi hutu?”

“Gidanmu, Malam.”

Sai babana ya taso ya leƙa bokitin. “Af! Ai masarar Inna ce!” Ya ba da labari: Inna ta ga ganyen ya soma zama ruwan ɗorawa, ta ce ba za a kashe shuka da yunwa a gidanta tana kallo ba, ko wane malami ne ya ce. Kullum ta share akurki sai ta zuba mata kashin kaji, ta rufe da ƙasa don kada in gani in yi mata tsiwa.

Nan fa taron iyaye ya zama musu. Wannan ya ce kashin kaji ya fi na buhu, wancan ya ce ƙona shuka yake in ya yi yawa. Dattijon da ya fi kowa dariya shi ya ce a sake gwajin, zai ba da gefen gonarsa. Shugaba ya dubi iyayen, ya dubi malam, ya janye maganar komawa cika allo. Zangon da ya biyo baya muka sake shuka, muka kewaye da ƙaya, aka hana kowace tsohuwa matsowa.

Da na musanya takardun nan, da an tafa mana, kowa ya tashi bai ƙaru da komai ba. Tun daga ranar, in sakamako ya zo mini a karkace ba na miƙe shi da hannu. Faɗarsa nake yadda ya zo, in sha dariyar, sannan in nemi wanda ya taɓa mini bokiti.