Gidan da Inna ta ja da sanda

Ba wanda zai ba ni labarin taurin kan Inna, domin a wurinta na gada. Shekarar da bangon ɗakinta na Ƙofar 'Yandaka ya tsage har hannu na shiga, na rantse ba za ta ƙara yin damina a cikinsa ba. Ina da fili a Kambarawa, na kuma sa an zana mini taswirar gida a takarda. Na kai mata ina cika baki. Ta juya takardar, ta kawo ta dab da idonta, da yake yanar ido ta fara rufe shi, sannan ta tambaye ni ko a cikin gidan dara nake so ta kwana. Ta ce ba inda za ta.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma na san ba gardama ce zalla ba. Inna ba ta ga gida a takardar nan ba, kuma ba ta yarda da abin da ba ta gani ba.

Sai na lallaɓa ta, na ce ta zo ta sa wa filin albarka kawai. Muka je da hantsi tare da magini, wani dattijo mai surutun tsiya. Ba komai a filin sai tumfafiya biyu da kashin awaki. Inna ta tambayi gabas, sannan ta fara jan layi a ƙasa da sandarta. Nan zaure, nan ɗakinta, ƙofa na kallon kudu saboda feshin ruwa. Madafa can gefe don hayaƙi. Randa kuwa ta ajiye ta a inuwar darbejiyar da ba a ko shuka ba. Na lura in za ta tashi daga ɗaki zuwa madafa ba ta taka layi, sai ta bi ta ƙofa, har da ɗan sunkuyawa.

Magini bai lura ba. Ya taho yana bayanin bulo, ya tsallake layi, sai ga shi a tsakiyar ɗakinta. Inna ta ja mayafi ta rufe kai.

"Malam, ta katanga kake shigo ma mutane? Koma ka biyo zaure ka yi sallama."

Dariya ta kusa ƙwace mini. Dattijon ya dube ni, ya dube ta, ya ja da baya, ya zagaya ya tsaya a bakin layi ya yi sallama. Ta amsa, suka yi gaisuwa mai tsawo, har da tambayar iyali da gajiya. A nan na gane Inna ta riga ta tare, gini ne kawai ya rage ya cim mata. Ni da nake taƙama da ƙago labari a takarda, ranar na ga inda na samo abin. Na naɗe taswirata na cusa a aljihu, na ce wa magini ya kafa turaku a kan layin sanda kafin iska ta share shi, kuma kada ya kauce ko da taki ɗaya.

Kafin a gama rufi, idon ya tafi gaba ɗaya. Tsoro ya kama ni sosai, don makaho ba ya son baƙon wuri, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Amma ranar da na je ɗaukarta na tarar ta ɗaure kayanta. A bakin sabon zaure na kama hannunta, ta fizge.

"Sake ni, kai wanga. Ni za ka gwada ma gidana?"

Ta wuce zaure, ta karya dama, ta shiga ɗakinta ba tare da ta laluba bango ba. Jim kaɗan ta fito, ta nufi randa kai tsaye. Tana tsaye rana ta dake ta a ka, sai ta juyo ta tambaye ni wa ya sare mata darbejiya. Ban yi musu ba. Da la'asar na je na samo dashe na shuka.