Ƙirga Ukun Lorraine

Duk wanda ya yi firamare a gundumar nan cikin shekara ashirin da bakwai da suka wuce, to Lorraine Bettencourt ta taɓa ɗora masa abin sauraro a ka, ta ce in ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Aikinta ke nan, gwajin kunnen yara. Yankunan makarantu goma sha huɗu ne ofishin ilimi na gunduma yake dafa wa. Wasu makaranta ɗaya tal gare su a tsakiyar gonakin inabi, shugaban makarantar shi ne malamin lissafi, in ta kama ma shi ne direban bas. Irin waɗannan ina suka ga halin ɗaukar mai gwajin kunne nasu na kansu? Shi ya sa ofishin gunduma ya ɗauki mutum ɗaya, ya ba ta farar mota da na'ura a akwati, ta riƙa zagaya su daga Satumba zuwa Maris. Yara ba su damu da sunanta ba, Matar Tii suke ce mata saboda kukan na'urar.

'Yar masu shanun madara ce, ta biyar a cikin bakwai, ta tashi a gidan da ake tatsa kafin a karya. Ba ta yi wata doguwar boko ba. Da buga takardu ta fara a ofishin, da tsohuwar mai gwaji ta yi ritaya aka tura ta kwas, ta dawo ta karɓi akwatin. Ta auri Gil, makanikin tarakta, mutumin da bakinsa ba ya hutawa ko yana ƙarƙashin mota. Allah bai ba su haihuwa ba. Takan ce da rana ita ke gwada kunnen mutane, da yamma kuma Gil ke gwada nata.

Ƙa'idar aikin biyu ce, kuma a zamaninta babu wanda ya kai ta riƙe su. Ta farko, yaro ya ba ka baya. Ta biyu, kada ka taɓa danna maɓalli da tazara iri ɗaya. Yaro ba ya son faɗuwa jarrabawa ko ta mece ce, kuma in ya gane takunka zai ɗaga hannu ko bai ji komai ba. Lorraine takan danna biyu a jere, ta yi shiru har yaro ya fara mutsu-mutsu, ta motsa kujera kamar za ta danna ta fasa. Curtis Nakagawa, masanin ji na ofishin, wanda ake tura masa yaran da suka kasa, yakan ce in Lorraine ce ta turo yaro, kunna tasa na'urar cika aiki ne kawai.

Gil ya rasu wata Asabar da hantsi a garejinsa, zuciya ta tsaya, sifana a hannunsa. Matan coci suka cika mata firij da miya da burodi mai zaƙi. Ba ta yi kuka ba a coci, ba ta yi a maƙabarta ba, kwana tara ta koma aiki. Kowa ya yaba da dauriyarta, alhali ba dauriya ba ce. Mai dauriya akwai abin da yake dannewa, ita kuwa in ta leƙa cikin ranta ba ta samun komai. Abinci ya daina ɗanɗano. Takan tuƙa mil arba'in ta tsinci kanta a ƙofar makaranta ba ta tuna hanyar ba. Abin da ta gano yana tura yini shi ne ƙirga: turakun lantarki, matakalar bene, cokulan cikin kwando.

Ƙirgar nan ta bi ta har wurin aiki, ba tare da ta yi shawara da kowa ba, har da kanta. Ta danna, ɗaya, biyu, uku, ta danna. Huɗu a kunnen dama, huɗu a na hagu. Ta kuma daina barin yara a baranda tana kiransu ɗaiɗai, sai ta jera su a cikin ɗakin don layi ya yi sauri. Shekara uku ana haka. Takardunta suka riƙa isa ofis da wuri fiye da da, har aka ambaci sunanta a taron ma'aikata aka tafa mata.

Wata Talata a watan Nuwamba, hazo ya rufe hanya, ta isa makarantar Tres Pozos ta baje kayanta a ɗakin karatu. 'Yan aji biyu ke layi. Wani yaro ya gama ya zabura da abin sauraron a kansa, ta cafke ta ɗora wa ta bayansa. Yaretzi Barajas ce, siririya mai kitso biyu, irin yaran nan da ke kafe bakinka da ido in kana magana. Lorraine ta danna sau takwas, hannun yarinyar ya tashi sau takwas. Ta yi mata alamar ta ci. Na gaba ya zauna, ta danna, shiru. Ta sake dannawa, shiru. Yaron ya waiwayo ya ce shi fa ba ya jin komai. Da ta leƙa ƙarƙashin tebur sai ga kan wayar abin sauraron yashe a ƙasa. Tun zaburar yaron farko ta fice daga jikin na'urar, ke nan babu ƙarar da ta shiga kunnen Yaretzi.

Ta tsaya jiran gabanta ya faɗi, bai faɗi ba. Ta mayar da wayar, ta ƙarasa ajin, ta tafi ɗakin malamai neman kofi.

Can ta tarar da Misis Hovsepian, malamar ajin, tana ɗumama abincinta. "Yauwa, Matar Tii, ke nake nema," ta ce. "Takardar Yaretzi za ki sa mana hannu yau. Jibi muke zama a kanta, kin san 'yan kwamiti, ko ƙuda ba su kora sai sun ga takarda."

Lorraine ta tambayi zaman mene ne. Malamar ta ce shekarar yarinyar uku a makarantar har yanzu karatu ya ƙi. Da farko an ɗauka Turanci ne bai zauna ba tunda Sifaniyanci ake yi a gida, aka ba ta lokaci. Yanzu an fara ganin kamar kan ne ba ya ja, za a mayar da ita ajin masu jinkirin fahimta a wani gari, tafiyar minti hamsin a bas. Amma doka ta ce kafin a ce kai ne, sai an tabbatar ba ido ba ne, ba kunne ba ne. "Kunne kam kin wanke mana shi bara da bara waccan," ta ce tana dariya. "Na bana kawai ya rage."

Takardar tana hannun Lorraine, alamar ci tana kai, sa hannu kaɗai ya rage. Babu wanda ya ga wayar a ƙasa sai ita. In ta sa hannu, jibi yarinya ta tafi ajin da ba nata ba, wataƙila har ta gama makaranta. In ta ƙi, sai ta faɗi dalili, dalilin kuwa ita ce. Ta juya abin a ranta kamar mai duba ranar lalacewa a jikin gwangwani, sannan ta ce a turo mata Yaretzi bayan hutun cin abinci.

Yarinyar ta zo ta zauna ta ba ta baya da kanta. Lorraine ta ɗora mata abin sauraron, ta koma kujerarta, ta harɗe hannuwa, ba ta taɓa maɓallin ba. Hannun dama ya tashi. Ɗaya, biyu, uku, ya sake tashi. Huɗu a dama, huɗu a hagu, babu kuskure ko ɗaya. Sannan Yaretzi ta waiwayo tana murmushi.

Lorraine ta sake gwajin yadda ta san ana yi, da jinkiri da yaudara. A cikin takwas yarinyar ta kama biyu, su ma sai da aka ƙara ƙarfin sautin. Lorraine ta zagayo gabanta ta durƙusa don ta ga bakinta, ta tambaye ta yaya aka yi ta san lokacin ɗaga hannu.

"Uku-uku ne," Yaretzi ta ce. Maganarta a dunƙule take, ƙarshen kalmomi ba ya fita. "Ina layi na ƙirga. Tun ina ƙarama." Ta kalli bakin Lorraine. "Na ci?"

"Ke kam kin ci," in ji Lorraine. "Koma aji."

Daga cikin mota ta kira Curtis ta faɗa masa komai a jere, kamar mai karanta jerin cefane. Ya ce, "Lorraine, ke fa kika koya min kada a yi haka." Ta ce ta sani. Ya tambayi tun yaushe, ta ce tun Gil. Ya tambayi yara nawa ke nan, ta ce kusan dubu biyu a shekara. Ya sauke numfashi ya ce wannan sai an sake zagaye, amma a fara da wadda ke gaba, a kawo ta gobe.

Ranar Laraba mataimakiyar malama ta kai yarinyar ofishin gunduma da izinin uwarta. Curtis ya sa ta a ɗakin gwaji mai kaurin bango, ya yi awa guda a kanta. Kunnuwan biyu duk da rauni, kuma da alama tun haihuwa. Tana jin amon murya, amma siraran sautukan da ke raba kalma da kalma ba sa isa gare ta. Da yamma ya samu Lorraine tana goge kayan aiki ya ce ba sai ta je zaman ba. Zai ce gwajin makaranta ba ya kama komai da komai, kuma ba ƙarya zai yi ba. Ta ce za ta je. Ba jarumta ba ce, ita kanta ta san haka. So take ta ga ko akwai abin da zai yi mata zafi.

An yi zaman ranar Alhamis a ɗakin karatun nan, manya a kan ƙananan kujeru, gwiwoyi a sama. Ofelia Barajas, uwar yarinyar, daga rumfar tsince lemo ta taho, ragar gashi tana kanta. Ofishin ya turo tafinta, wata mata mai tabarau. Curtis ya yi bayani dalla-dalla. Yaretzi ba za ta bar makarantarta ba. Za a sama mata na'urar ji, malamarta za ta riƙa rataya ɗan makirufo a wuya, malamar masu raunin ji ta gunduma kuma za ta riƙa zuwa sau biyu a mako. Ya ce yarinyar tana da kai, kai ma sosai. Misis Hovsepian sai share ido take da bayan hannu.

Lorraine ta ce tana da magana. Ta ce ita ce ta gwada yarinyar shekara uku, ita ce ta rubuta tana ji, kuma ba na'ura ce ta yi kuskure ba. Ta yi gwajin ne yadda ta san ba a yi, yarinyar ta gane takunta. Da ta yi aikinta, da tun tana shekara biyar aka sani. Muryarta ba ta yi rawa ba. Tafinta ta mayar da shi Sifaniyanci jimla bayan jimla.

Ofelia ta cire ragar gashin ta ninke ta a cinya, ta sake ninkewa. Da ta fara magana a hankali ta yi, idonta a kan Lorraine, tafinta tana biye da ita.

"Sau biyu na zo makarantar nan na ce yarinyar nan ba ta ji. Sau biyu aka nuna min takarda da sa hannu. Na ce to, masu ilimi sun duba, ni wace ce? Tunda tana ji, ashe raini ne. In na kira ta ba ta waiwayo ba, sai in je in kama kunnen in murɗe. In ce tunda ba ki amfani da shi, kawo shi." Ta jira tafinta ta gama, sannan ta ci gaba. "Na hana ta zuwa bikin 'yar uwarta. Na sa ta durƙuso a kicin. Babanta yana cewa a bar ta, ina cewa ba zan tarbiyyantar da mai taurin kai ba. Ba ta taɓa ce min ba ta ji ba, ita ba ta san akwai abin da ake ji ba."

Ofelia ta ɗan matso da kujerarta.

"Ban zo faɗa da ke ba, Malama. Kin faɗi naki, na ji. Amma ƙarfe uku za ta fito daga aji ta same ni a ƙofa. Ke da kika saba da yara, ki gaya min, me zan ce mata?"

A nan abin ya iso. Kunya ce da baƙin ciki, suka taso wa Lorraine tun daga ciki. Tafinta ta juyo gare ta, tana jiran amsar da za ta fassara.