Mama Kwanye da Ɗakina Mai Duhu

Ina tsaka da awon wake a kasuwa Saratu, 'yar Mama Kwanye, ta kira ni. "Anti Rifkatu, Mama ta tafi gida." Haka muka rasa Mama Kwanye, uwar zumuntar matan cocinmu a unguwar Lokuwa, cikin Mubi.

Ni dai a mafi munin kwanakina na san ta. Shekarar da Mubi ta watse, mun riga mun kama hanyar dutse sai mijina Tumba ya juya. Wai Malam Buba, tsohon maƙwabcinmu, ba ya iya tafiya. Ya goyo shi har bakin mayo, wato rafi, ya koma ɗauko matar tsohon. Tsohon ya tsira. Tumba bai dawo ba.

Da muka koma gida, na rufe taga da ƙofa. Mutane sun ɗauka baƙin ciki ne kawai. Fushi nake yi da shi, ya bar ni da yara huɗu saboda mutumin wani gida. Mata suka yi ta zuwa da waƙoƙi, kowacce sai ta fara buɗe min taga. Mama ba ta taɓa tagar ba. Takan zo da rana tsaka, ta zauna a ƙasa tana ɓare gyaɗa da lalube.

Wata rana ta ce, "'Yata, ranar da Yesu yana kan gicciye, rana tsaka ne duhu ya sauka. Allah bai kore shi ba. Yana ciki tare da Ɗansa. Ki zauna abinki, yana nan."

Na ce Tumba ya yar da mu.

"Rago, da igiya ake jan shi wurin yanka. Yesu da ƙafarsa ya je. Mijinki ma ba wanda ya ja shi."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'izar Tumba. Na koma zuwa sujada a coci, amma fushin bai sake ni da wuri ba, ita ma ta sani. Ko da take kwance a asibiti a ciwonta na ƙarshe, muryarta da ƙyar take fita, sai da ta tambaya, "Kin yafe masa?" Kuka ya hana ni amsa.

Ubangiji ya yi mata jinƙai, ya karɓe ta cikin hutunsa. Ya ta'azantar da Saratu da 'yan'uwanta, ya riƙe jikokinta. Mama, na yafe. In kin ga Tumba, ki gaya masa.