Wazirin da Kawu ya ƙi ci a Omdurman

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu Hajj Yusuf za mu gasar shataranj, ni da kawuna kafinta, ya sha farar jallabiya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Shekara talatin yana buga shataranj, darar nan mai sarki da waziri da dawaki, a wajen mai shayin unguwarmu, bai taɓa shiga gasa ba. Abokan wasansa sun rantse cewa 'yan boko za su kunyata shi kafin azahar, kuma maganar ta tsaya masa a rai.

Raksha, babur mai ƙafa uku, ta kai mu tasha, muka shiga ƙaramar bas. Kuɗin mota ya sake tashi, kwandasta kuma yana kaɗa yatsu kamar mu muka jawo. A Bahri muka tsaya muka karya da soyayyen fanke da ake kira zalabiya da shayin madara, sannan muka haye gada zuwa Omdurman, kogi shiru a ƙarƙashinmu.

Zauren gasar ya ba ni mamaki. Ba mai tari, ba mai ba da shawara, sai ƙarar agogo. Aka haɗa Kawu da wani injiniya mai tabarau. Sojan gaban sarki ya fita, doki ya bi, sai giwa. Na kusa da ni ya raɗa mini cewa wannan salon fara wasa shi ake kira buɗin Italiya. Kawu dai a wajen mai shayi ya koye shi.

Can tsakiyar wasa injiniyan ya ajiye wazirinsa, wanda ya fi kowa ƙarfi a kan allo, inda dokin Kawu zai ci shi a banza. A unguwarmu ba a cin kuskuren hannu. Kawu ya ɗago, da ƙarfi ya ce, “Mayar da shi, ɗana, sake tunani.”

Kowa ya juyo. Alƙalin wasa ya iso da sauri. “Ya Haj, nan ba a mayarwa. Ka sake magana, ka fita.”

Kawu ya daɗe yana kallon wazirin nan, sai ya kauce masa ya tura soja. Na ji kamar in yi kuka don haushi. Awa guda suka ƙara, har Kawu ya rufe sarkin injiniyan a lungu ya ci wasan, wazirin yana tsaye yana kallo. Injiniyan ya tashi ya sumbaci kan Kawu.

Sauran wasanni uku duk an cinye Kawu, ban damu ba. Na koyi cewa mutum yana iya bin dokar wasu ba tare da ya yar da tasa ba. Da la'asar muka sauka a wajen mai shayi, kafin abokan wasansa su buɗe baki na ce su matsa wa Kawu ya zauna, yau ni zan ba da labari.