Mun Je Fassi Duba Ƙugun Inna Hanne

Talata: Kano zuwa Rano

Ƙarfe shida saura kwata muka tashi daga Kano, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne a motar: Malam Sule direba, da Dakta Habibu likitan ƙashi, sai ni Rabi, ma'aikaciyar jinyar da ta shekara goma sha shida tana riƙe masa takardun marasa lafiya.

Aikin Dakta shi ne sauya gaɓar ƙugu, wato inda kan ƙashin cinya yake juyawa. Idan wurin ya cinye, sai ya cire shi ya sa na ƙarfe da roba. Abin da ya daɗe yana damunsa shi ne, waɗanda suka ƙera ƙarfen nan masu zaman kujera suka yi wa. Mutanenmu kuwa a tabarma suke zama, su tsuguna, su yi sujada, su wuni duƙe a gona. Ko ƙarfen yana jure wannan, kuma har shekara nawa? Binciken da ya ba wa rabin rayuwarsa ke nan. Saura wata biyu ya gabatar da sakamakonsa a taron likitoci, sai ya lura akwai mutum uku a yankin Rano da Kibiya da suka daina zuwa asibiti, wayoyinsu ma ba sa shiga. Ya ce ba zai rubuta "lafiya lau" a gaban sunan wanda bai gani da idonsa ba.

Muka bi titin Zariya, muka sha kwana a Karfi muka nufi Bunkure. Damina ta yi nisa, dawa ta fitar da kai hagu da dama. A wani shinge ɗan sanda ya leƙo ya tambayi inda muka nufa. Da Malam Sule ya ce likitan ƙashi ya ɗauko, sai mutumin ya sassauta murya.

"Likita, wallahi gwiwar nan tawa, in na daɗe a tsaye..."

Dakta ya fita, ya sa shi ya ɗora ƙafa a kan benci, ya daddanna, ya rubuta masa abin da zai yi. Minti goma muka ɓata a nan. Bakwai da rabi muka shiga Rano, tafiyar kilomita sittin da ɗoriya, muka karya da koko da ƙosai a kusa da tasha.

Zurgu da Zinyau

Tara da kwata muka isa Zurgu. Malam Hadi, wanda aka yi wa aiki shekara tara da suka wuce, ba ya gida. Matarsa ta kwatanta mana gonar. Muka same shi tsugune yana cirar gyaɗa, irin tsugunon da aka ce masa ya rage.

"Malam Hadi! Haka muka yi da kai?"

Ya miƙe zumbur yana dariya. "Likita, gyaɗar ba ta san da maganarmu ba."

Dakta ya kwantar da shi a kan tabarma a gindin ɗorawa, ya lanƙwasa ƙafar, ya juya ta ciki da waje, ni kuma ina rubuta awon. Babu ciwo, babu ɗingishi. Wayarsa ce ta faɗa rijiya, shi ya sa aka daina samunsa. Ya yi alkawarin zuwa Kano ɗaukar hoton ƙashi da zarar ya gama shanya gyaɗa, ya kuma cika mana buhun taki da ita, ba yadda muka iya.

A Zinyau muka tarar Malama Talatu ta rasu tun bara, zazzaɓi ne na kwana huɗu. Muka zauna a zaure muka yi wa babban ɗanta gaisuwa. Ya ce har makon da ta kwanta da ƙafarta take zuwa barka da suna a unguwa. Dakta ya yi mata addu'a mai tsawo. A mota na ga ya buɗe takardarta ya rubuta maganar ɗan nata kamar yadda ya faɗa, sannan ya rufe.

La'asar ta yi mana a Rano. Na sauka a gidan gwaggona, su Dakta kuma a gidan wani abokin karatunsa. Tuwon dawa aka yi mana da miyar ɗanyar kuɓewa.

Laraba: Kibiya zuwa Fassi

Bakwai daidai muka ɗauki hanyar Kibiya. Tafiyar ba ta kai minti ashirin ba. Daga nan zuwa Fassi ne muka sha zaizayar ruwa, Malam Sule yana ta lallaɓa motar yana kiran sunan Allah a kowane rami.

Wadda muka zo nema ita ce Inna Hanne, mutum ta farko da Dakta ya sauya wa gaɓar ƙugu da hannunsa, shekara goma sha biyar baya. A kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka kawo mana ita a lokacin, ta shekara biyu ba ta taka ba. Ranar da ta fara takawa bayan tiyata, Dakta fita ya yi baranda don kada mu ga idonsa. Duk inda ya je koyarwa, da labarinta yake buɗewa.

Goma saura muka yi sallama. Bayan an shimfiɗa wa Dakta tabarma a tsakar gida, sai ga ta ta fito daga ɗaki, ta sha sabon zane, ba sanda a hannunta.

"Lale marhabin da ɗana! Likita, kai ne da kanka? Ka yi furfura!"

"Inna, ke kuma kin ƙi tsufa."

Ya roƙe ta ta taka daga bakin ɗaki zuwa rumbu ta dawo. Ta je ta dawo kanta a sama. Ya tambaye ta ko akwai ciwo, ta ce ko kaɗan, aikinsa yana nan yadda ya bar shi. Dakta ya ce alhamdu lillahi, amma bai rubuta komai ba. Ya ce in shiga da ita ɗaki in duba tabon aikin.

Muna shiga ta saki labule, ta kama kan gado da hannu biyu. Gumi ya jiƙa mata goshi, ƙafar hagun tana rawa. A bayan ƙofa na hango sanda, gindinta ya cinye saboda dogarawa.

"Inna, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun damina waccan. Nan, a matsematsi, in na taka kamar ana soka mini tsinke. Sallah ma a zaune nake yi." Ta riƙo hannuna. "'Yar nan, don Allah kada ki faɗa masa. Zuwana na ƙarshe ɗalibansa suka zagaye ni, yana nuna musu ni yana murna. Yaya zan koma in ce masa abin ya lalace? Mutumin da ya tashe ni daga kwance?"

Dalilin daina zuwanta ke nan. Na zauna kusa da ita, ni ma idona ya kawo ruwa. Ta ba ni amana, amma na san idan ƙarfen ya saki ne, kullum ƙara cin ƙashin yake yi, wata rana ba za a sami inda za a kafa wani ba.

Na ce, "Inna, ba zan fita in faɗa ba. Amma ba zan iya rubuta ƙarya a takardarki ba, kuma takardar hannunsa za ta je. Gara ya ji daga bakinki."

Ta gyara mayafinta. Ta ce, "Miƙo mini sandar."

Da sandar ta fita tana ɗingishi. Dakta ya tashi da sauri ya jawo mata turmi ya kifa, ya zaunar da ita, shi kuma ya durƙusa a gabanta.

"Likita, ƙarya na yi maka ɗazu."

"Na gani, Inna. Kafaɗarki tana karkata duk takun hagu. Jira nake ki faɗa."

"Na ɓata maka aiki. Na ƙi jin magana, na yi daka, na yi surfe..."

"Ba ki ɓata komai ba. Don ki yi daka na sa miki shi. Roba ce a ciki, tana cinyewa kamar gindin takalmi, kuma ana sauya ta. Shekara goma sha biyar nake neman sanin yaushe take gajiya a jikin mutanenmu. Yau kin faɗa mini. Wanda za a yi wa aiki baɗi, saboda ke zai san lokacin da zai dawo kafin ya sha wahalar da kika sha."

Ta share ido da gefen mayafi. "To ba ka ji haushi ba?"

"Haushin shekara ɗayan da kika yi kina jin ciwo ke kaɗai, shi nake ji."

Komawa gida

Aka aika gona aka kira ɗanta Malam Isa. Dakta ya yi musu bayani dalla-dalla: sai an ɗauki hoto za a tabbatar, aiki na biyu ya fi na farko wuya, kuma ba zai yi alkawarin ta rabu da sanda ba. Inna ta ce ta yarda. Muka sha fura da nonon da wata Bafulatana maƙwabciyarsu ta kawo, muka yi azahar, biyu da kwata muka tashi, har da Inna da surukarta, matar Malam Isa. Dakta ya bar wa Inna gaban mota, aka kwantar da kujerar, ya dawo baya. Duk ramin da za a shiga sai ya ce, "Malam Sule, a hankali." Tsakanin Rano da Bunkure ya ciro rubutun da ya shirya wa taro, ya ja layi a kan sakin layin ƙarshe, wanda ya ce babu ko ɗaya da ƙarfensa ya ba shi matsala. Biyar da rabi muka shiga Kano.

Hoton ya nuna robar ta cinye, kofin ƙarfen da robar take ciki ya fara motsi, amma ƙashin da ya rage ya isa. Bayan mako uku aka yi aikin. Ba ta rabu da sanda ba, sai dai ciwon ya tafi, kuma ta koma sallah a tsaye. A taron, Dakta ya nuna hoton ƙugunta da izininta, ya faɗi abin da ya gani yadda yake.

Ina gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da mu. Ina gode wa Malam Sule, da gwaggona da ta sauke ni, da mutanen Zurgu da Zinyau da Fassi. Ranar da aka sallami Inna, ni na tura ta a keke har bakin mota. Ta karɓi katin ranar dawowa, ta ƙulle shi a bakin zane, ta ce, "'Yar nan, ki gaya wa ɗana kada ya sake wahalar zuwa Fassi nemana. In ƙugun nan ya yi mini ko ƙaiƙayi ne, da ƙafata zan zo in kai ƙararsa."