Mutumin da Ya Yi wa Tafki Aski

Shekarar da aka ce Nasara ya tafi, mulki ya dawo hannunmu, ni ba mulki ne ya dame ni ba, fatsa ce. Kawuna ne ya kawo mini ita daga Katsina, kuma duk ƙauyenmu na gefen Gazawa babu yaro mai irinta. Tafkinmu kuwa bado ya rufe shi ruf. Gwanintar ita ce ka saka tana, ka nemi 'yar kafa tsakanin ganye, ka zura a hankali, don karfasa a inuwar nan take kwanciya. Na iya, ba yabon kai ba.

Ran nan fatsar ta maƙale a jijiyar bado, na ja, zare ya tsinke. Na dawo gida ina huci. Kafin magariba na tara abokaina, mun yi magana gobe kowa ya sato laujen babansa, mu share badon nan kaf.

Lokacin sanyi ne. Bayan an ci tuwo muka kewaye wutar kara a ƙofar ɗakin kakata, Iya Hajo, wadda ke kirana mijinta. Ashe zancen ya riga ni isa kunnenta.

"Ga ta nan tafe, jiƙe sharkaf daga tafki," in ji ta.

"Ta zo ta sha wuta," muka amsa.

Ta ce wai an yi wani masunci mai zafin kai. Kullum fatsarsa sai ta sarƙe a bado, sai ya rantse zai yi wa tafki aski. Ya shiga da lauje, ya yanke ganye, ya tumɓuke saiwa, ruwa ya fito fes kamar ƙoƙon da aka wanke. Ya kwana yana murna. Da gari ya waye sai ga zalɓe ya gayyato danginsa, tunda kifi ba shi da wurin ɓuya, suka yi ta buki. Wanda ya tsira, rana ta dafa shi. Da bazara ta yi tsanani, rumbu ya ƙare, mata suka tafi haƙar bado kamar yadda suka saba, suka dawo da ƙwarya wayam.

"Iya, mi sunanshi?" in ji ƙanwata.

"Ai kunya ba ta bari mace ta faɗi sunan mijinta," ta ce, tana hararata. "Kai, maigida, inda fatsa ka maƙalewa, nan kifi yake. Ƙurunƙus kan karfasa."

Aka fashe da dariya. Na ji haushi ƙwarai, har na ce na sake ta. Ta ce ba komai, dama cefanena bai taɓa wuce ƙayar kifi ba. Amma da safe ban je neman lauje ba, abokaina ma da suka ji an yi da ni, kowa ya kama gabansa.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar kifi ce kawai. Sai da na girma na yi aure, Iya ta rasu, sannan shekarun fari suka zo. Gero ya ƙone tun bai yi kai ba. Tafki ya janye ya bar laka, kuma a lakar nan muka durƙusa, ni da matata, muna tonon saiwar bado da hannu. Shi ta ci ta samu ruwan nonon da ta shayar da 'yarmu ta fari, wadda na sa wa sunan Iya. Ranar da na fara ɗora ƙwaryar badon a kaina na yi kuka, ban ɓoye wa kowa ba.

Yarinyar nan ta rayu, yau ita ce mai jikoki. In sanyi ya shigo takan hura wuta ta ba su labarin mai yi wa tafki aski. Duk sa'ad da suka tambaye ta sunansa, sai ta ce ɗiya ba ta faɗin sunan babanta, su kuma su juyo gaba ɗaya suna kallona.