Maganin Kaji a Tankin Tarwaɗa

Duk unguwar Limancin Kona an san Gwaggo Asama'u da hannun kiwo. Kaza na fara gyangyaɗi, wurinta ake kawo ta. Sai ta ɓare kafso ja-da-rawaya ta kaɗa a ruwan sha, kafin ka ce me kaza ta miƙe tana tono. Da kajin nan ta riƙe kanta tun rasuwar mijinta, har shekarar da annoba ta share mata akurki kaf.

Ɗanta Nasrullahi, ma'aikaci a Kaduna, ya daɗe yana so ta koma wurinsa. Ita kuwa ko sunan Kaduna ba ta son ji. Gidan nan aka kawo ta tana amarya, kuma daga cikinsa take so a fitar da gawarta. Da jayayya ta yi tsawo, ya gina mata tankin siminti a tsakar gida ya zuba tarwaɗa. In ta tsaya da ƙafarta, ta zauna. In abin ya ƙi, ta haɗa kayanta. Ta ce ta yarda.

Da fari abin sai sambarka. Ana nan kifayen suka fara goga jikinsu da bango, suka daina rububin abinci. Gwaggo ba ta tambayi kowa ba, ina ita ina tambaya a kan kiwo! A ganinta duk dabbar da ta ƙi ci, cikinta ne ba lafiya. Ta aika kemis aka sayo kafso, ta kwaɓa da abincinsu. Da ba ta ga sauƙi ba, ta ninka. Suka fara tasowa ciki sama.

Ibtisam, 'yar ƙaninta, likitar dabbobi ce. Ta zo gaisuwa, wari ya tare ta tun daga zaure. Ta kamo kifi ɗaya ta nuna mata wasu 'yan ƙwari manne a fatarsa, kamar ƙwarƙwata.

"Gwaggo, ciwon a waje ya fara. Waɗannan ke tsotsarsu, su raunana garkuwar jikinsu, har cikin ya rikice. A hanjin kifi akwai ƙwayoyi masu amfani da ke kare shi. 'Yan waɗanda suka rage, kafsonki ya ƙarasa su."

"To me zan ba su yanzu?"

Ibtisam ta dubi tankin. "Da tun farko ne, da wankan ruwan gishiri ma zai taimaka."

Gishiri! Ga shi nan buhu guda a madafi. Gwaggo ta zauna a bakin tankin.

"Don Allah kar ki gaya wa yayanki Nasrullahi," ta ce.

Ibtisam ba ta gaya masa ba. Amma wari ba ya ɓoyuwa a unguwar da katanga ke jingine da katanga. Ran Asabar Nasrullahi ya iso da motar kaya. Ya leƙa tankin, ya durƙusa ya gaishe ta. Da faɗa ya yi mata, da ta sami abin mayarwa.

"Inna," ya ce a hankali, "wanne za a fara ɗauka, gado ko akwatuna?"